Yadda Muka Kai Haƙarƙarin Jirgi Maraɗi

Tun da muka dawo daga Maraɗi ban sami sukunin taka keken ɗinki ba. Duk wanda ya shigo shagona sai ya ajiye yadinsa a gefe ya ce, "To Tela, yaya ƙasar Faransa?" Na ba na farko labari, na ba na biyu, sai ga shi ya zagaye kasuwar Minna ya dawo mini da ƙari: wai mun tashi sama, wai an kulle mu, wai Bitrus ya mari Bature. Ba ko ɗaya da ya faru. Shi ya sa na ga gara in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma in koma kan aikina.

Bitrus abokina ne, kafinta a reluwe, mai gyaran kujeru da tagogin tarago. Mutumin Gbagyi ne, gidansa yana bakin Kpakungu, inda gari ya ƙare gonakin doya suka fara. Wani injiniya Bature da zai koma ƙasarsu ya bar masa zanen ƙaramin jirgin sama na katako, mai cin mutum ɗaya. Da wani ne, da ya ajiye takardar a akwati don tarihi. Bitrus kuwa sai ya kafa rumfa a tsakar gida, ya shekara uku yana fere katako duk ranar da ba aiki. Ya gama gangar jiki, ya gama fiffike, ya sayi injin ƙaramar motar nan mai kama da kunkuru daga wata da ta yi hatsari. Saura abu biyu: farfela, da yadin da za a rufe fiffiken, wanda ni zan ɗinka. Ya riga ya faɗa a coci da wurin aiki cewa da kaka zai tashi, har mutane sun fara kiransa Kyaftin, yana amsawa.

Farfelar ce ta gagare shi. Duk wadda ya sassaƙa, in an ɗaura ta a injin sai rumfa ta hau rawa. Ana nan wani direba mai kai goro Maraɗi ya ce akwai wani tsohon Bature can, likitan dabbobi da ya ajiye aiki, ya ƙera nasa jirgin da hannunsa, yana tashi da shi duk Lahadi. Bitrus ya ɗauki hutu. Ni ban yi niyyar zuwa ba sai da matarsa, Maman Ladi, ta zo shagona ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam Tela, ka bi shi," in ji ta. "In shi kaɗai ya je, abin da yake so ya ji shi zai ji."

Mu duka mun san wanda zai zauna a cikin abin nan ranar da zai bar ƙasa.

Muka shiga jirgin ƙasa a ƙarshen bazara, shekara guda bayan an gama yaƙin basasa. Kayanmu buhun doya na tsaraba, da haƙarƙari ɗaya na fiffiken, wato ɗaya daga cikin 'yan firam ɗin nan da ake jerawa a jikin babbar azara su ba fiffike siffarsa. Bitrus ya zaɓi wanda ya fi kyau, ya naɗe shi a zanen matarsa, ya rungume. Kafin mu kai Kaduna duk taragon sun san mene ne. Wata mai kaji ta ce ita dai tarkon kifi ta gani. Wani malami ya ce da Allah ya so mutum ya tashi da ya ba shi gashin tsuntsu, sai wani tsohon soja ya tambaye shi da me ya je Makka. Gardamar ba ta mutu ba sai Zariya, inda malamin ya sauka.

Daga Kano muka hau babbar mota mai bodin katako zuwa Katsina, daga nan wata zuwa Jibiya. Direban ta biyun ya ce a ɗora ƙunshin a sama tare da buhunan gishiri. Bitrus ya ce sai dai a ɗora shi shi ma. Aka bar shi da kayansa a cinya, ni na sha zungura a haƙarƙarina na gaske duk lokacin da mota ta faɗa rami.

Kwastan na wajenmu ba su ko ɗaga zanen ba, goro suka karɓa wurin direba suka ɗaga sanda. A wancan ɓangaren ne muka gamu da wani jandarma dogo mai gajeren wando, ya nuna ƙunshin da baki.

"Wanga mine ne?"

Na buɗe baki zan ce aikin kafinta ne, Bitrus ya riga ni. "Jirgin sama ne."

Na taka masa ƙafa, amma bakin alƙalami ya bushe. Aka sauke mu, mota ta yi gaba, aka zaunar da mu a gindin wata bishiyar bedi mu jira babbansu, wanda yake barcin rana, kuma a ƙasar nan ba a tada babba daga barcin rana ko gobara ake yi. Da ya fito ya warware zanen, ya ɗaga abin da yatsa biyu, ya leƙa mu ta cikin ramukansa, ya ce, "To ina sauran?" Yaransa suka fashe da dariya, shi ke nan magana ta ƙare. Ya zaɓi doya biyu mafi girma ya tsayar mana da wata motar gyaɗa. A nan na fara lura mota ta koma hannun dama, saɓanin namu. Ina sauka a tashar Maraɗi na duba ɓangaren da na saba dubawa, wani mai keke ya kwashe ni daga ɗaya ɓangaren. Ya tashi ya kakkaɓe mini riga, ya ce, "Ɗan Ingila ne, ko?"

Mun sauka gidan wani fatoma, Alhaji Nomau, mai karɓar baƙin goro. Zaure ne mai rairayi a ƙasa, an ba kowa tabarma. Da ya ji Bitrus Kirista ne bai damu ba, da ya ji kafinta ne sai ya tashi ya nuna masa ƙofar rumbu da ta ɓalle. Abinci tuwon gero da miyar kuka, safe da yamma, sai fura da nono mai kauri irin wanda ba ma samu a Minna. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, mutum ya saƙale shi a hammata ba takarda ba komai, ya yi ta gaisawa da jama'a. Doya kuwa sarauta ce a can. Uwargidan Alhaji ta karɓi guda ɗaya ta ajiye ta, wai sai ranar suna. Bitrus, wanda a wurinsa in ba sakwara aka ci ba ba a ci abinci ba, ya dube ni ya ce da Hausarsa ta Minna da ba ruwanta da mace ko namiji, "Matana in ya ji wannan, zai yi kuka."

Washegari muka nufi bayan gari, wajen filin jirgi. Kowa ya san gidan, Mai Tsuntsu suke kiransa. Gajeren tsoho ne, rana ta gasa shi ya yi ja, Hausarsa irin ta makiyaya don a cikinsu ya yi rayuwarsa. Ya gaishe mu da gajiya, ya tambayi lafiyar shanunmu, muka ce lafiya lau ko da yake ba mu da ko akuya. Tare da shi akwai Malam Isufu, kafinta mai furfura a gemu, wanda suka daɗe suna aiki tare. Jirgin yana nan a rumfa, fari da ratsin shuɗi, bai fi na Bitrus girma ba.

Na zaci zan ga injuna. Abin da na gani tarkace ne irin na bayan gidan kowa. Ba su da ƙarfen matsi na kirki, tsohon tif na mota suke yankawa siri-siri su ɗaure katako biyu da shi har gam ya kama, ƙananan wurare kuma su maƙale da abin shanyar tufafi. In za su lanƙwasa katako sai su zura shi a bututun ƙarfe, butar shayi tana hura masa tururi ta gindi, in ya yi laushi su ɗaure shi a siffar da suke so har ya huce. In suna son su san ko bakin fiffike biyu sun daidaita, tiyo suke cikawa da ruwa, mutum ɗaya ya riƙe nan ɗaya ya riƙe can, tunda ruwa a baki biyu tsayinsa ɗaya ne. Haƙarƙari kuma allo guda gare su da aka kafa wa 'yan katakai, a cikinsa ake haɗa kowanne, duk su fito kamar tagwaye. Bitrus ya dafe kai, don shi kowanne sai da ya auna shi daban.

Maganar farfela ba ta ɗauki lokaci ba. Ashe ba daga gungume ɗaya ake sassaƙa ta ba, falankai sirara ake mannawa bisa juna tukuna. In an sassaƙa sai a zura sanda a ramin tsakiya, a ɗora sandar a kan kaifin wuƙaƙe biyu da aka kafa a jere. Ɓangaren da ya rinjaya shi za a kankare, a yi ta yi har ta tsaya duk inda aka bar ta. Bitrus baki har kunne. Ni ma na sami nawa: Malam Isufu ya nuna mini doguwar allurar da ya yi da siririn ƙarfen ƙafar keke, da zaren da ake gogawa da kakin zuma, ya ce kowane ɗinki a jikin haƙarƙari sai an ƙulle shi shi kaɗai, don in ɗaya ya tsinke kada sauran su bi shi. Na shekara ashirin ina ɗinki, ban taɓa ɗinka abin da ran mutum ke rataye a jikinsa ba.

Da abin ya tsaya nan da mun dawo da farin ciki. Amma Bitrus bai ɗauko haƙarƙarinsa tun daga Minna don ya koma da shi a naɗe ba. Ya warware zanen ya miƙa. Mai Tsuntsu ya juya shi, ya shafa, ya ce hannun da ya yi wannan ya fi nasa, kuma na ga da gaske yake. Sannan ya kai shi hanci ya shinshina.

"Da mi ka manne shi?"

"Gam na wurin aiki," in ji Bitrus. "Na fata, wanda muke dafawa a gwangwani. Da shi nake manna kujerun tarago shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa kawo ƙara."

"Ka ba ni aronsa har mu ci abinci?"

Bitrus ya ce to. Tsohon ya ɗauke shi ya nufi kwamin da ake ba dokinsa ruwa, ya nutsa shi, ya danne da dutse, ya ce mu zo mu ci.

Abincin ɗanyen ganye ne da aka kwarara wa mai da wani abu mai tsami, sai nama da jininsa bai gama tsanewa ba, sai cuku mai warin da in a Minna ne da an nemi inda ɓera ya mutu. Na ci burodi na ce na ƙoshi. Bitrus ya cinye komai, idonsa na kan taga. Bayan nan maigidan ya shiga barcinsa, mu kuma muka zauna a inuwar rumfa da Malam Isufu. Can sama a jikin bango na hango wani fiffike a rataye, an raba shi biyu, yankan zarto ne ba karaya ba. Na tambaya.

"Na hwarko ne," in ji Malam Isufu. "Shi da kansa ya yanke shi. Kwana bakwai bai yi wa kowa magana ba."

"Ya taɓa tashi?"

"Da ya tashi, da yau wa za ku taho gani?"

Bayan la'asar muka je kwamin. Mai Tsuntsu ya ɗauke dutsen ya ce Bitrus ya ciro kayansa. Ya ciro, ya ɗan murɗa kaɗan, sai abin ya warware a hannunsa, 'yan katakai suna zamewa daga jikin ƙananan ƙusoshinsu, wasu suna yawo a kan ruwa. Doki yana gefe yana jiran mu ba shi wuri.

"Ai jirgin sama ne," in ji Bitrus, muryarsa ta canza. "Ba kwalekwale ba."

"Gaskiyarka. Nan ruwan wata uku muke samu, sannan rana ta gasa komai. Ku hwa a Minna?"

Sai ni na ce mu a Minna in damina ta zauna takalmi ma furfura yake yi a ƙarƙashin gado.

"To, gam ɗin ga haka yake shan danshi, a hankali, ba ka gani. Kujera in ta sake, mutum ya zauna ƙasa ya tashi ya zagi kahinta. Wanga in ya sake, ba mai zagin kowa."

Bai bar mu haka ba. Ya ce yana da gam na gwangwani daga ƙasarsu, amma kaɗan ne, ba ya zuwa kullum, don haka yawancin aikinsa da na nono ya yi. Ana samo nonon da aka cire wa mai tas, a tsinka shi, a wanke gudajin, a shanya ya bushe, a daka ya zama gari. Ranar aiki a jiƙa garin, a zuba masa farin dagwalon nan da masu walda ke zubarwa bayan kabayid ya gama ci. Ya fi na fata jure ruwa nesa ba kusa ba, amma shi ma in ruwa ya kwanta a kansa yana ruɓa, saboda haka a shafe cikin fiffike da fenti, a huda 'yan ramuka a ƙasansa inda ruwa zai tsiyaye. Sai ya nuna mana wani kwando cike da gutattsarin katako, ya ce wannan ce dokar rumfarsa: duk kwaɓin gam da aka yi, sai an manna guntaye biyu da shi a gefe, in ya bushe a sa guduma a raba su. In katako ne ya yage, gam ya yi. In suka rabu sumul, duk abin da aka manna da kwaɓin ranar a jefa shi wuta. Daga ƙarshe ya ce kafin mutum ya hau, a kifa fiffike a jera masa buhunan yashi, nauyin jirgi da inji da matuƙi har ninki uku ko fi. In zai karye, ya karye a tsakar gida.

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta, don abokin tafiyata bai yi magana ba. Jandarman nan ya tambaye shi ina jirgi, ya ɗaga masa zanen wayam. Sai a tashar Kano ya ce, kamar yana magana da kansa, "Nawa na gida na shafa masa fenti." Na ce na ji.

Mun tarar damina ta sauka a Minna. Mutane suka yi ta zuwa gidansa suna tambayar Kyaftin yaushe ne, yana cewa farfela ta samu. Ranar da ya zo shagona da maganar yadi na ce masa almakashina ba zai taɓa shi ba sai na ga yashi a kan fiffike.

"Kai tela ne," in ji shi. "Ka tsaya a tela."

Ya fita. Muka yi kwanaki ko gaisuwa ba ta haɗa mu, abin ya dame ni ƙwarai, don tun muna samari muke tare. Maman Ladi ta tare ni a kasuwa ta tambaye ni abin da Baturen ya ce, na faɗa mata duka, ban rage ba ban ƙara ba. Abin da ya faru tsakaninsu a gida ban sani ba. Ni dai wata Asabar na ɗaga kai na gan shi tsaye, ya ajiye tsofaffin buhunan gari a kan tebur, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Ka yanka mini su ƙanana-ƙanana, ka ɗinke."

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci aka yi. Bai gayyaci kowa ba, amma a Kpakungu ba a gayyata. Aka kifa fiffiken a kan gumagumai. Maman Ladi da maƙwabtanta suka yi ta ɗauko yashi daga rafi a kafaɗa, yadda matansu ke ɗaukar kaya, ni ina cika buhu, shi yana jerawa da hannunsa, ɗaya dama ɗaya hagu. Ba a kai rabin buhunan ba muka fara jin ƙas, ƙas, kamar ana ɓarar gyaɗa. Ya tsaya da buhu a hannu, ya saurara, sannan ya ɗora shi. Babbar azarar ta buɗe a tsawonta, fiffiken ya sunkuya ya kwanta a ƙasa.

Can wani ya ƙyalƙyale da dariya, wasu suka taya shi, wani dattijo ya ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Na ji tausayin Bitrus har na kasa dubansa. Shi kuwa ya durƙusa ya ɗauki guntu biyu, ya duba inda suka rabu. Wurin sumul yake, yana sheƙi, ko zaren katako ɗaya bai biyo ba.

"Katako bai yi laifi ba," in ji shi. Ya fara ware dogayen da za su sake moruwa, mutane suka watse.

Yanzu ba mai kiransa Kyaftin sai 'yan tsokana. Ranar kasuwar da ta wuce na hango shi a layin Fulani masu nono, yana rantse wa wata cewa shi wanda ba mai a ciki yake so, ita tana dubansa kamar wanda ya taɓu. Da yamma Maman Ladi ta kawo mini doya shago. Na ce mata ta yi haƙuri, ga dukkan alamu daga farko zai sake, wata shekara ukun ce ke nan.

"Na sani, ni na ba shi ƙwaryar sayen nonon," in ji ta. Ta gyara zanenta za ta fita, sannan ta juyo. "Shekara uku da miji a tsakar gida yana warin nono, Malam Tela, wa ya ƙi?"